Ba Gamaliel Ne Ya Kashe Yayana Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi, yayana Malachi ya rasu a gidansa da ke Gangaren Tudu a nan Keffi. Ya rasu a zaune, bayansa jingine da buhun masara, domin tun bayan Ista bai ƙara iya kwanciya ba. Da zarar ya miƙe sai ruwan da ke ƙirjinsa ya taso ya shaƙe shi. Matarsa Filomina na riƙe da kansa, ni ina riƙe da ƙafafunsa da suka kumbura har fata ta tsage tana tsiyayar ruwa. Masu zuwa gaisuwa suna ta cewa ya tafi cikin salama kamar mai barci. Na gode musu, amma ba haka aka yi ba. Ya yi kokawa, ya yage wuyan rigarsa yana neman iska, kumfa mai jaja-jaja ta fito masa ta baki da hanci, ya damƙi hannun Filomina damƙar da har yau shatin yatsunsa bai baje ba. Ina wurin, kuma ba zan yi wa mutuwarsa kwalliya ba.

Yaya, ni ce Febi, autarku, wadda kake kira Malama in tsokana ta motsa maka. Na so in rubuta maka bankwana mai sanyi, irin wanda ake karantawa a coci mutane su share hawaye su koma gida. Na nemi sanyin nan a raina ban samu ba. Raina a ɓace yake, da kai, da ciwon da ya ci ka, da mutanen da suka so ka so na gaskiya kuma suka taya ciwon aiki. Abin da ya fi hana ni sukuni shi ne magana ba ta ƙare da binne ka ba. Gamaliel, abokin aikinka na bakin dutse, ya gudu daga garin nan da karyayyen hannu. Ɗanka Prosper kuwa ya tsaya a bakin kabarinka, a gaban fasto da jama'a, ya rantse sai ya kashe shi, wai shi ya yi maka jifa. Saboda haka rubutun nan naka ne, amma ina so Prosper ya karanta, shi da duk wanda ya taya shi riƙe gora.

Ka fara hawa dutse a shekarar da aka ba mu jihar Nasarawa, lokacin da Abuja ta wage baki tana haɗiye duk wani dutse da yashi da ke kusa da ita. Ba ku da inji, ba ku da nakiya. Tsofaffin tayoyi da itace kuke jibga wa dutse ku cinna wuta, ta yi ta ci har ya gasu ya tsage da wata irin ƙara da ke sa mai ciki ta dafe mara, sa'an nan ku bi tsagar da ƙarfe da guduma. Mata su karɓi manyan gutsattsari su mayar da su tsakuwa, tifa ta kwasa ta miƙi hanyar Masaka da Mararaba. Hayaƙin taya ya baƙanta muku majina, ɓarɓashin dutse ya tsiyayar wa mutane ido a gabanka, ka ɗauki wani da ƙafa a ragargaje ba sau ɗaya ba. Dokarku ɗaya ce kuma kowa ya san ta: wanda ya cinna wuta, duk inda tsagar ta bi nasa ne, ko da ta ratsa ta gaban wani.

Da wannan gudumar na yi karatu. Ka cire kanka daga makaranta bayan babanmu ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki, ka ce kai kanka ba ya ɗaukar boko, alhali ƙarya kake, ka fi ni lissafi. Na zama malamar firamare, kai ka zama mutumin da tafin hannunsa ba ya jin ƙaya. Duk lokacin da na shiga Abuja na ga benayen nan masu ƙyalli, sai zuciyata ta tafasa, don na san a ƙarƙashin wasunsu akwai dutsen da ka fasa, kuma mai gadi ba zai bar ka ka jingina da katangarsu ba. Kai ba ka taɓa damuwa ba. Cewa kake yi, "Malama, bar su. In gidan ya tsaya, ai aikina ya yi kyau."

Ba zan ce kai mai sanyin hali ne ba, Keffi za ta yi mini dariya. Mafaɗaci ne kai, mai saurin hannu, kuma kirkinka ma da faɗa yake zuwa. A farkon aurena, da mijina ya fara gwada hannunsa a fuskata, ban gaya maka ba, kumburin ido ne ya gaya maka. Washegari ka shigo gidanmu da dutse a ka, wanda ƙarti biyu za su yi nishi kafin su ɗaga. Ka dire shi a tsakar gida, ka gaishe da mijina cikin ladabi, ka tambayi aiki da gajiya, sa'an nan ka ɗaga guduma ka sauke sau ɗaya. Dutsen ya rabe, wani ɓangare ya tashi ya fasa randar ruwanmu. Ka ce, "Suruki, sabuwar gudumata na zo nuna maka." Ka yi sallama ka tafi. Mijin nan yana nan da ransa, zai karanta wannan, ya san ban ƙara ko kalma ba, kuma tun ranar hannunsa bai sake ɓata hanya ba.

Salamatu mai fasa tsakuwa ma za ta ba da shaida. Ranar da wata tifa ta yi baya ta taka mata ƙafa, direban ya ga jini ya ba mota wuta zai gudu. Ka wurga guduma ta ragargaza gilashin gabansa, ka bi shi da gudu, ka jawo shi ta taga kamar buhun gawayi. Mutane sun taso za su gama da shi, kai da ka fara dukansa kai ka hana, ka ce in an kashe shi wa zai tuƙa? Ka goya Salamatu, bazawara ce Musulma mai 'ya'ya ƙanana, ka sa ta a motar, ka zauna kusa da direban da hannunka a wuyansa har ƙofar asibiti. Tana ɗingishi har yau, amma da ƙafarta take tafiya. Duk watannin da ta yi a kwance, tsakuwarta ba ta daina fita ba, don da ka tashi daga naka aikin sai ka zauna a gurbinta.

Haka ka karɓi Gamaliel. Magidanci ne ya zo daga ƙauyensu da matarsa Vera da yara, gona ta ƙi, bai san kowa ba a Keffi. Ka ba shi gudumarka ta biyu, ka koya masa yadda ake karanta jijiyar dutse kafin a ɗora wuta, da yadda ake sanin lokacin gudu. Shekaru kuna ci a kwano ɗaya. Sai wata rana wutar Gamaliel ta tsaga dutse, tsagar ta ratsa ta ƙarƙashin wurin da ka daɗe kana sharewa. A dokarku wurin ya zama nasa, kuma kai ne kake tsawata wa wasu a kan dokar nan. Da ta zo kanka ka kasa haɗiyewa. Kuka kaure da dambe a kan toka mai zafi, ka yi masa karo da kai ka zubar masa da haƙoran gaba. Ya tashi da jini a baki, a gaban kowa, ya ce, "In Allah ya yarda, ƙafafun nan naka ba za su daɗe suna hawa dutsen nan ba."

Maganar mai fushi ce, wanda aka fasa wa baki. Kafin Lahadi ka je gidansa da kanka, ka durƙusa a gaban Vera da yaransa ka nemi gafara, shi ma ya yi kuka ya janye maganarsa, kuka ci tuwo tare. Na san wannan don ni na raka ka, kana ta ƙunƙuni a hanya. Sai dai dambenku duk dutse ya gani, sulhun kuwa mu kaɗan ne muka gani.

Ciwon ya fara da wasa. Wata rana ka kama hannuna ka ɗora a ƙirjinka kana dariya, ka ce in ji yadda injinka ke yi, kamar janareton da aka zuba wa mai da ruwa. Na ji. Zuciyar tana gudu, ta tsaya, ta yi tsalle, ta sake kwasa da gudu ba tsari. Na ce mu je asibiti, ka ce mace ce ke zuwa asibiti don faɗuwar gaba. Sai da ka yanke jiki ka faɗi a bakin wuta, gashin hannunka ya babbake, sa'an nan aka ɗauke ka ba da shawararka ba.

Likitan da ya duba ka ya yi mana bayani da Hausa, a hankali, kuma ina so in maimaita shi a nan don waɗanda suka ƙi ji. Ya ce zuciya ɗakuna gare ta, na sama da na ƙasa. Naka na sama sun daina bugawa yadda ya kamata, sai karkarwa suke yi, su kuma na ƙasa suna ta gudu ba ƙa'ida don su bi su. Ya ce abu biyu ake tsoro. Na farko, jini yana iya kwanciya a ɗakin da ke karkarwa ya yi guda, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, jiki ya shanye. Na biyu, zuciyar da ke wannan gudun wata da watanni tana gajiya, ta saki, ta kasa tura jini, sai ruwa ya fara taruwa a ƙafa, ya hau ciki, ya shiga huhu. Ya ce mutane na farkon suke tsoro, amma shi na biyun ya fi gani a wurin masu irin ciwonka, kuma yana zuwa a hankali har mutum ya saba da shi. Ya ba ka maganin da ke tsinka jini don kada ya yi guda, da wanda ke rage gudun zuciya, da wanda ke sa fitsari ya fitar da ruwa. Ya ce ka rage gishiri, ka sauka daga dutse, kuma ka kiyayi duk abin da zai yanke ka.

Kai shanyewar jiki kawai ka ji, don ka ga yadda ta mayar da babanmu. Maganin jini ka riƙe shi kamar addu'ar safe, ba ka taɓa tsallakewa ba. Sauran biyun ka watsar. Wai na rage gudu yana kashe maka hannu a kan guduma, na fitsarin kuma yana sa abokan aiki suna maka dariya, suna cewa Malachi ya zama mai jego. Filomina ta rage gishiri a miya, ka riƙa ɓoye naka a aljihu. Da ƙafa ta fara kumbura har takalmi ya ƙi shiga, sai ka ƙirƙiro naka ilimin: tunda ruwa ne, ai wuta za ta fitar da shi. Ka riƙa matsawa kusa da wutar taya fiye da kowa, kana zufa, kana haki, zuciyar da aka ce a hutar da ita kana ƙara mata bulala. Mun yi faɗa da kai a kan wannan har na yi rantsuwar ba zan sake taka gidanka ba, washegari na dawo.

A bakin dutse kuwa kumburin ƙafa fassara ɗaya gare shi. Mutum ya taka abin da aka binne masa a cikin toka. Ba wanda ya tsaya tambayar abin da likita ya ce, kowa sai ya tuna maganar Gamaliel ta ranar dambe, har waɗanda ba sa wurin suka riƙa maimaita ta kalma da kalma. Wata safiya ina makaranta, abokan aikinka suka zo gidanka da wanzami, don ya tsaga ƙafafun ya sa ƙaho ya zuƙe abin da ka taka. Ba mugunta ta kawo su ba, sun bar aikin yini guda saboda kai. Kai ma ka gaji da nauyin ƙafafun, ka miƙa su. Ba wanda ya gaya wa wanzamin cewa akwai maganin tsinka jini a jikinka, shi kuma ba abin da zai sa ya sani.

Da aka kira ni na iso, tsakar gidan kamar an yanka rago. Jini yana bin kowace tsaga yana zuba, ya cika kwano, ya jiƙa zannuwan Filomina, ya bi ƙasa har bakin rariya. An danna toka, an danna gishiri, an ɗaure da roba, ya ƙi tsayawa. Wanzamin, dattijo ne mai mutunci, yana ta salati, yana cewa tun da yake aiki bai taɓa ganin jini irin wannan ba. Maganarsa gaskiya ce, amma mutanen da ke tsaye suka ɗauke ta suka juya: ka ji ko, wanzami ma ya ce wannan jifan ba ƙarami ba ne. Na zage su tas, manya da yara, ban bar kowa ba, na sa aka ɗauke ka zuwa asibiti leɓɓanka sun yi fari fat. An tsayar da jinin, an ƙara maka wani. Likita ya ce jinin da ka zubar ya ƙara wa zuciyar wahala a kan wahala. Kafin mu dawo gida labari ya riga ya hau dutse, ya kuma isa Mararaba inda Prosper ke aikin acaba.

Abin da ya biyo baya da tsakar rana aka yi shi, a bainar jama'a. Ba ka daɗe da dawowa gida ba, ƙafafunka naɗe da bandeji, sai ga Salamatu ta shigo tana jan ƙafarta, ta sauko tun daga dutse, numfashinta na sarƙewa. Ta ce Prosper da samari sun kama Gamaliel. Ka miƙe, ban san da wane ƙarfi ba. Filomina ta tare ƙofa tana cewa, "Baban Prosper, don girman Allah," ka ture ta gefe, ka tsayar da mai babur. Na bi bayanka a wani. Babur ba ya hawa dutsen nan, kai kuma taku kaɗan ka yi ƙafafu suka ƙi. Da rarrafe ka hau, Yaya, hannu da gwiwa, kana tsayawa kana haki kamar za ka amayar da huhunka, bandejin ya koma ja. Na kama ka ka fizge.

Mun sami Gamaliel a kwance a kan toka. Sun karya masa hannu da ƙotar guduma, ƙashin ya turo fata, fuskarsa ba a gane ta. Sun zura masa tayar mota har ƙirji, ɗaya daga cikin tayoyin da kuke gasa dutse da su, sun tuttula masa fetur, warin ya cika wurin. Vera na birgima a ƙasa, mata biyu sun danne ta. Mutanen da suka yi shekaru suna cin abinci da shi suna tsaye da adda da gora suna ihun a ƙone maye. Ashana na hannun Prosper, ɗan da na yi wa wankan jarirta.

Ba ka yi ihu ba, ba ka da iskar yi. Ka ja jiki ka ratsa tsakanin ƙafafunsu, ka faɗa a kan Gamaliel, ka zura hannunka cikin tayar ka rungume shi. Fetur ya jiƙa rigarka da bandejinka. Ka ɗaga kai ka dubi ɗanka, maganar tana fita guntu-guntu.

"Prosper. Ƙyasta."

"Dadi, tashi. Mutumin nan ne ya gama da kai."

"Na ce ka ƙyasta. Mu biyu ne."

Ka huta, ƙirjinka na kuka kamar tukunya a kan wuta, sa'an nan ka ce, "Ni na san ciwona. Zuciyata ce. Dokta ya ba ni magani na ƙi sha. In kuna neman wanda ya yi mini, ga ni."

Ashanar ta faɗi daga hannunsa. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon ƙasa. Ni da Salamatu muka cire tayar, kai kuwa a kan ƙyauren langa-langa aka sauko da kai. Daga ranar ba ka ƙara kwanciya a bayanka ba. Ka koma shan magungunanka duka, kana yi wa Filomina tsiya cewa miyarta ta zama ruwan wanka, amma likita ya gaya mana a fili cewa zuciyar ta riga ta saki, sai dai a rage maka wahala. Ruwa ya hau cinya, ya cika ciki, ya kai inda ya kai ranar Talata.

Yanzu Prosper yana cewa hawan dutsen nan ne ya ƙarasa ka, kuma asirin Gamaliel ne ya juya maka kai har ka kare shi. Prosper, ɗana, saurare ni, ni Anti Febi ce, ban taɓa yi maka ƙarya ba. In hawan dutse ya rage wa babanka kwana, tambayi kanka wa ya sa shi hawa. Ban faɗi wannan don in karya ka ba, na san son da kake masa ne ya haukata ka, kuma na san ka fi son a ce wani ne ya yi, don wani ana iya kama shi a doke shi. Amma babanka bai taka komai ba. Zuciyarsa ta yi shekaru tana gudu ba tsari, an gaya masa za ta gaji, ya ƙi hutar da ita, ta gaji. Kansa kuwa bai taɓa zama daidai ba kamar ranar da ya kwanta cikin fetur. Ya yi haka don Gamaliel, ya kuma yi don kai, don kada ɗansa ya wayi gari da ran mutum a wuyansa. In ka je ka ƙarasa abin da ya hana, ka mayar da rarrafen nan nasa banza, kuma mamarka za ta rasa miji da ɗa a damina ɗaya.

Ku kuma mutanen dutse, da duk wanda rubutun nan ya isa gare shi, in zuciyar mutum tana tsalle-tsalle ba dalili, ba tsoro ba ne kuma ba raki ba ne, ku kai shi a duba. In an ce masa bugun ya rikice, kada ku tsaya jiran ranar da baki zai karkace. Ku dubi ƙafarsa, ku lura ko yana haki a tafiyar da da yake yi ba wahala, ko ya fara tara matasai a bayansa don ya kasa kwanciya. Wannan zuciya ce ke gazawa, kuma akwai abin da asibiti ke iya yi in an je da wuri aka kuma sha maganin duka, ba wanda rai ke so kawai ba. Wanda ke shan maganin tsinka jini kada aska ta kusance shi. Na ga abin da take yi da idona, kuma har yanzu in aka yi ruwa tsakar gidan yayana yana tayar da ƙarni.

Yaya Malachi, ka wahala, ka wahalar da mu, ka kuma rufa mana asiri tun muna yara. Ubangiji Allah ya gafarta maka zafin zuciyarka da taurin kanka, ya dubi bayinsa da ka goya da waɗanda ka tsaya wa, ya karɓe ka cikin jinƙansa, ya ba ka hutun da ka ƙi ba kanka. Ya ba ka numfashi mai yalwa a inda ba haki. Filomina, matar yayana, ke kika ga abin da ba wanda ya gani, Ubangiji ya ta'azantar da ke, ya tsaya miki. Ina yi wa sauran yara gaisuwa, da danginmu na gida da na ƙauye, da ikilisiyarmu, da maƙwabtanmu Musulmi na Gangaren Tudu da Angwan Iya da suka cika ƙofar gidan nan tun ranar farko. Salamatu, Allah ya saka miki. Dattijo wanzami da ya zo gaisuwa ya kasa ɗaga kai, ba mu riƙe ka da komai ba. Prosper, ina yi maka gaisuwar babanka, Ubangiji ya sanyaya maka zuciya.

Saura mutum ɗaya da ba wanda ya yi wa gaisuwa, alhali shi ma ya yi rashi. Gamaliel yana garin Nasarawa wurin dangin matarsa, kuma ba wani sirri na tona ba, Prosper ya riga ya sani, an gaya mini har ya je ya ga layin. Vera ta kira ni ta ce tun da ya ji rasuwar ya daina cin abinci, abin da yake roƙo kawai a bar shi ya ga kabarin. Ranar Lahadi in an tashi daga coci zan shiga mota in je in taho da shi da kaina, Filomina ta ce za ta jira mu a maƙabarta. Prosper, na faɗa maka rana, ka san tasha, ka san hanya. Zan riƙe hannunsa mai lafiya tun daga mota har bakin kabarin babanka, ba zan sake shi ba. In ka zo da adda, da ni za ka fara. In ka zo hannu sake, akwai wuri kusa da mamarka.